Allura da Ƙyalle: Maganin Ɗarin Hunturu a Ƙasar Madobi

Jawabi zuwa ga hakimai da malamansu na Madobi da Kura da Bunkure

 

Maganar da aka kawo gaban manya yau ƙarama ce a ido. Mai yiwuwa ma wani ya ce a ransa ba ta kai a tara hakimai saboda ita ba, gama zancen allura ne da zare da guntayen ƙyallen da tela ya ke sharewa daga ƙarƙashin kekensa in magariba ta yi. Amma a yi haƙuri a saurara. Abin da a ke nema shi ne ko wane gida na ƙasar nan ya iya ɗinka wa kansa abin rufa mai kauri daga abin da ya saba zubarwa, tun hunturu bai shigo ba. Ɗinkin kansa ba shi da wuya. Wuyar tana ga a fara shi a kuma kai shi ƙarshe, nan ne kuwa a ke bukatar bakin hakimi da alƙalamin malaminsa.

Ɗarin da alkama ke so

Dattawa sun san yadda rani ya ke a ƙasar nan kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga. In an zuba amfanin gona a rumbu, sai hannu ya koma kan sana'a. Masaƙi ya kafa masaƙarsa a inuwa, mata su ɗauki mazari, gardawa su zauna a soro suna ɗinkin riga da hula, wanda ba shi da ko ɗaya ya tafi cin rani. Aka fara ginin Tiga a 1971, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974, ruwa ya biyo hanyoyin da aka haƙa masa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Tun daga nan rani ya zama damina ta biyu. Mutanen Madobi da ke maƙwabtaka da wurin su ma sun sami rabonsu, wasu da gonar kansu, wasu da ƙwadago, wasu da injin ban ruwa a bakin fadama. Alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai hannun da ke riƙe da fartanya rani da damina ba shi da sauran lokacin masaƙa, ga shi kuma yadin kamfani ya riga ya karya kasuwar saƙar hannu. Gwado da luru suka yi ƙaranci a gidaje. Kamfanonin su ma ba su ɗore ba. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu da dama suka bi bayanta. Aka wayi gari mai neman bargo sai dai na ƙasashen waje, sabo ko gwanjo, daga Kantin Kwari ko kasuwar ƙauye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, magidanci mai 'ya'ya shida ya san abin da bargo shida za su ci masa.

Ɗari kuwa bai ragu ba. Manomin alkama ma addu'a ya ke yi ya zo, gama alkama ba ta yin ido sai da sanyi, shi ya sa a ke shuka ta cikin Nuwamba. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi ya kan sauko da dare zuwa digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka. Wannan sanyi da ke cika zangarniyar alkama shi ne ke shiga ƙirjin yaro da ƙashin tsoho. Shi ne ke samun mai gadin tumatir a bukkarsa ta kara, da almajiri a soron malam.

Maganin da talaka ya sani shi ne kaskon wuta a cikin ɗaki. Ba hakimin da bai taɓa zuwa jajen gobarar hunturu ba, ko ya ga yaron da ya faɗa garwashi cikin barci. Akwai kuma wanda ba a gani, watau hayaƙin gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, wanda ba shi da wari, ya kan ɗauke mai barci ba tare da ya farka ba. Ɗakin da ke da isasshen abin rufa ba ya bukatar kwana da wuta.

Aikin da aka gada daga 'yan lifida

Ɗinkin da a ke magana a kai ba baƙo ba ne a ƙasar Kano, ko da ya ke a bisa doki aka fi saninsa, ba a bisa gado ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙi. To, mene ne lifidi? Ƙyalle ne sama, ƙyalle ƙasa, a shimfiɗa audugar rimi ko auduga a tsakani, sa'an nan a bi shi da ɗinki layi layi kurkusa, domin abin da aka shimfiɗa ya zauna wuri guda, kada ya gangara ya taru a gefe. A kan kuma ƙawata fuskarsa da guntaye masu launi dabam dabam, an yanka an jera su. Kibiya in ta faɗa masa sai ta nutse cikin audugar, ƙarfinta ya ƙare kafin ta kai ga jiki.

Baturen nan Clapperton ya ga 'yan lifida da idonsa a watan Oktoba na 1826, sa'ad da ya tarar da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙin Konya ta Gobir. Ya rubuta yadda nauyin kayan ya ke hana mahayi hawa sai an ɗaga shi. Nauyi ke nan, aibinsa na fari. Na biyu kuwa wuta, gama audugar rimi da wuta ba su ga maciji, maharba kuma sun san haka. Bindiga ce ta kashe amfaninsa a fagen fama. Bayan an ci Kano a Fabrairu na 1903 da Sakkwato a Maris, lifidi ya zama kayan ado, sai a hawan salla a ke ganinsa. A Disamba ta 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa ɗan lifida ya ke jiƙewa da gumi. Auduga mai laushi da aka tsare tsakanin ƙyalle biyu tana riƙe iska, iskar nan kuwa ba ta barin ɗumin jiki ya fita. Abin da ya zama azaba ga barde da tsakar rana shi ne rahama ga yaro da tsakar dare. Zane uku da aka rufa da su a warwatse su kan zame, iska ta ratsa tsakaninsu. Waɗannan ukun in an haɗe su da ɗinki sun zama bargo.

Haɗa ƙanana su zama babba shi ma gadon ƙasar nan ne. Ɗan Kura, wanda Buzaye su ke biyan kuɗi mai yawa su yi rawani da shi har Agadas da gaba, ba a falle guda a ke saƙa shi ba. Sawaye ne 'yan sirara ƙwarai, a ke jera su a haɗa gefe da gefe da allura, kana a kai marina, a fito a kai mabuga. Ƙasar da ta iya wannan haƙuri, ba za a ce haɗa guntaye masu faɗin tafin hannu ya fi ƙarfinta ba.

Yadda a ke yin bargon ƙyallaye

Falle uku ne: fuska, da ciki, da baya. Fuska ita ce a ke haɗawa da guntaye. Baya ya fi kyau ya zama zane guda ko biyu masu sauran ƙwari. Ciki shi ne mai ba da ɗumi.

Farkon aiki shi ne wanki, a nan kuwa yawancin masu gaggawa su ke yin kuskure. Sabuwar atamfa ta kan tsuke a wankin fari, tsohuwa kuwa ta riga ta gama tsukewa. In an haɗa su ba a wanke ba, ranar da bargon ya shiga ruwa sai ya yamutse, ba gugar da za ta miƙe shi. Abin da aka rina da baba a wanke shi shi kaɗai, a yi ta ɗauraya har ruwan ya daina yin shuɗi, in ba haka ba zai zuba a kan fari. Ko wane tsohon ƙyalle a ja shi da hannu biyu. Wanda ya yage ba na fuska ba ne, a ajiye shi don ciki. Kada a haɗa mai kauri irin kaki da marar kauri irin leshi a fuska guda, gama mai ƙarfin zai ci marar ƙarfin daga bakin ɗinki.

Akwai kuma gwajin da bai kamata a tsallake ba, musamman ga bargon yara. Yadin roba ya yi yawa a kasuwa, in wuta ta taɓa shi narkewa ya ke yi ya manne a fata. A zare 'yan zarurruka daga ƙyallen a kai su bakin ashana. Na auduga ya kan ci ya bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Na roba ya kan ƙanƙance ya dunƙule ya yi tauri. Wannan a fitar da shi.

Sa'an nan awo. A yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci 7 ko ta ina, shi ne ma'auni. Da shi za a zana ko wane guntu a yanka, a bi yadda zaren saƙar ya miƙe, kada a yanka a karkace don kada ya yi ta miƙewa a hannu. Ɗinki zai ci rabin inci ko wane gefe, saura inci 6. Bargon babba, mai tsawon yadi 2 da faɗin yadi ɗaya da rabi, yana cin guntu 108, watau jeri 12, ko wane jeri guntu 9. Na yaro, yadi ɗaya da rabi da faɗin yadi guda, guntu 54 ne, rabin wancan daidai. A haɗa guntaye su zama jeri tukuna, a kwantar da bakin ɗinkin gefe guda da dutsen guga, kana a haɗa jeri da jeri. Mai keken ɗinki za ta gama wannan cikin kwana kaɗan. Mai allura ita ma za ta kai, bambancin kwanaki ne kurum.

Game da ciki, hanya mafi sauƙi ita ce tsofaffin zannuwa biyu ko uku a shimfiɗe, ko tsohon bargon da ya suɗe. Wannan ba ya motsi, yana kuma jure wanki. Mai son laushi ta sa auduga, amma sai an gurje ta sarai an shiɓe, gama gurya guda in ta saura man da ke cikinta zai ɓata fuska, ɓera kuma zai biyo ta. Audugar rimi, wadda a ke tsinta cikin rani in kwansonta ya fashe, ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa, ta dace da matashin kai. Amma santsi gare ta, ba ta kama juna, sai da ɗinki kurkusa irin na lifidi, ga kuma maganar wuta da aka riga aka faɗa. Ga bargon da yara za su kwana da shi kusa da fitila, gara a bar ta.

In an shirya duka uku, a shimfiɗa baya a kan tabarma, a ja shi sumul, a ɗora ciki, a ɗora fuska. A kafe su da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa gefuna. Daga nan sai ainihin aikin, watau bin bargon da ɗinki miƙaƙƙe daga kai zuwa ƙafa, ko wane sukan allura ya ratsa falle ukun duka. A fara daga layin tsakiya a yi ta fita waje, domin in akwai tattara ta gudu zuwa baki. Tsakanin layi da layi kada ya wuce inci 3, kamar faɗin yatsu huɗu. A bargon babba layi 17 ke nan, ko wanne yadi 2, duka yadi 34 na ɗinkin hannu. Ƙarshe a datse bakin, a naɗo baya a kan fuska a kalmashe.

Tsohuwar da idonta ya yi rauni ba a hana ta ba. Maimakon layi, ta iya soka abawa da babbar allura ta ratsa ta dawo, ta ƙulla, ta yanke, ta matsa gaba kaɗan ta sake. Bargon ƙulli bai kai na layi ƙarko ba, amma yana hana ɗari daidai da shi in cikinsa zane ne.

Abu biyu a faɗa wa iyaye mata da babbar murya. Jinjirin da bai kai shekara ba, ba a danne shi da bargo mai nauyi, ba a kuma rufe masa fuska, a sa masa riga a kan riga ya fi. Na biyu, bargo ba ya maye gurbin gidan sauro. Ƙasar ban ruwa ce wannan, ruwa yana kwance a gonaki har cikin rani, sauro ba ya ƙarewa sarai.

Dalilin da ya sa ba a gamawa

In da za a buɗe adakar matan ƙasar nan, da an sha mamakin yawan aikin da aka fara aka bari: hular da ta tsaya a rabi, zanen gado da aka yi wa fure biyu cikin huɗu, rigar yaro da mai ita ya girme ta tun ba a sa hannu ba. Ba lalaci ba ne. Matar da ke turara shinkafa, ta shanya, ta yi girki, ta yi raino, ba wanda zai kira ta raguwa. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙin ganewa.

Yawanci babba a ke farawa da shi. Mace ta ga na wata ya ba ta sha'awa, ta ɗauri niyyar na gadon aure, ta yi jeri uku, ta duba ta ga saura tara, zuciya ta karaya. Wanda bai taɓa gama ƙarami ba bai san daɗin da ke cikin kalmasar ƙarshe ba, wannan daɗi kuwa shi ke jan mutum zuwa na biyu. Saboda haka na farko ya zama na yaro. Wata kuma ta fara da ƙyallen da bai isa ba, tana cewa za ta samu a gaba, sai aikin ya tsaya jiran ƙyalle, jira ya zama mantuwa. Kada allura ta shiga sai an yanka guntayen duka an ƙirga an ɗaure su jeri jeri. Wata da ido ta yi yanka ba da kwali ba, jeri na fari ya fi na biyu tsawo, ta warware sau biyu ta gaji. Akwai kuma wadda sabon fasali ya ɗauke wa hankali, ta fara na biyu na fari yana nan. Ita wannan ba ta da magani sai ƙawar da za ta ce mata, ina wancan?

Ga lissafi, malamai su duba. Mai haɗa guntu 4 a yini za ta gama fuskar babban bargo cikin kwana 27. Layi ɗaya a yini, kwana 17. A ƙara mako guda na wanki da yanka da kalmasa, duka bai cika wata biyu ba, ba a kuma ɗauki fiye da ɗan lokacin da ke tsakanin azahar da la'asar ba. Da wannan lissafi wani zai ce a fara cikin Oktoba. A takarda daidai ne, amma wanda ya san gidajen ƙasar nan ya san kaka ba ta barin mace ta zauna, ga sussuka, ga ɓarar gyaɗa, ga shinkafa. Gara a yi yanka da haɗin fuska cikin Agusta da Satumba, sa'ad da ruwan sama ke tsare mutane a ɗaki, a bar bin layi zuwa bayan kaka. Shi wannan kuwa ya fi daɗi a cikin taro. Mata huɗu in sun kewaye bargo guda a tsakar gida, aikin kwana 17 ba zai kai mako ba, gobe kuma a koma na wata, kamar yadda maza su ke yin gayya.

Zancen kunya

Za a ji masu cewa wannan ai tsumma ne, mai mutunci ba ya rufa da maho. Malamai sun fi kowa sanin amsar. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan ɗinke tufarsa da hannunsa, labarin rigar Sayyidina Umar mai maho kuwa sananne ne. A Sudan, mabiyan Mahadi da ya bayyana a 1881 jibba mai maho su ke sawa, tun tana alamar gudun duniya har ta zama kayan sarki, a ke yanka mahon da kyau a jera shi launi launi. A Senegal har yau almajiran Shehu Ibra Fall da rigar guntaye a ke gane su. Namiji kuma kada ya ce allura ta mata ce. A ƙasar Hausa kaɗi ne na mata, ɗinki kuwa tun asali na maza ne, malamai da gardawa su ne masu aska takwas. Sai daga wajen shekarun 1970 matan birnin Zariya su ka karɓi ɗinkin babbar riga da yawa, su ka kuwa riƙe shi da kyau.

A Indiya, cikin Jihar Karnataka, akwai mutanen da a ke kira Siddi, waɗanda kakanninsu daga Afirka su ka fito. Matansu ba su yin awo da kwali. Su kan shimfiɗa tsohon zane, su fara daga baki, suna ɗora guntu suna lanƙwasa gefensa suna ɗinkewa, suna kewayawa har su cike tsakiya. Wadda yankan daidai ya gagara ta iya gwada wannan hanya, gama ko wane irin guntu tana karɓa.

Labarin da ya fi dacewa da hakimai shi ne na wani ƙauye mai suna Gee's Bend a Jihar Alabama ta Amurka. Mutanensa jikokin bayi ne da su ka yi noman auduga. Gidajensu na katako ne, iska na shiga, matan su ka yi ta ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhuna, uwa tana koya wa 'ya. A 1966 matan yankin su ka kafa ƙungiyar sayar da ɗinkinsu. A 2002 aka baje bargunan a manyan gidajen adana kayan fasaha na Amurka, a 2006 har aka buga hotunansu a kan tambarin wasiƙa. Amma a lura da jerin abin. Shekaru masu yawa don ɗari su ke ɗinkawa, kasuwa daga baya ta zo ta same su. Kada wani ya shiga ƙauye ya yi wa mata alkawarin masu saye daga birni. Masu ɗinkin hula sun riga sun san yadda a ke yi: mace ta shafe makonni idonta a kan allura, dillali ya kwashe kaso mafi tsoka. Bargon nan ribarsa ta fari a gida ta ke, kuɗin da ba a kashe ba ne, da wutar da ba a kwana da ita ba. In wata ta gwanance har maƙwabta su ka nemi saye, madalla.

Abin da a ke roƙon hakimai da malamansu

Ba doka ba ce wannan, ba kuma haraji a ciki. Kada dagaci ko mai unguwa ya tilasta wa kowa, kada kuma a karɓi ko kwabo da sunan rajista. Abin da aka tilasta, ranar da mai tilastawa ya juya baya a ke ajiye shi.

Maganar ƙyalle ita ce ta fari. Malamin hakimi ya nemi sanin telolin da ke ko wane gari da ko wace kasuwa ta gundumar, da abin da su ke yi da guntayensu. Wasu suna sayar wa masu cusa matashi, wannan haƙƙinsu ne, a saya a hannunsu da farashin da aka saba. Waɗansu kuwa ƙonawa su ke yi, ko su zuba a juji, iska ta kwashe ta kai magudanar ban ruwa ta haɗu da leda ta toshe. Su ne hakimi zai kira ya yi wa magana mai daɗi, su riƙa tarawa a buhu. Lokacin da ya fi albarka shi ne makonnin da ke gaban salla, sa'ad da keke ba ya kwana.

Shiga gidaje ba aikin maza ba ne. Saƙon ya bi ta bakin uwargida, da malaman makarantun Islamiyya na matan aure, da cibiyoyin koyon sana'a na mata inda su ke aiki. A ko wace unguwa akwai tsohuwar da kowa ya san hannunta da allura, a neme ta a girmama ta, ita ce malamar. Amma hanyar da ta fi duka gajarta ita ce a fara daga gidan hakimi. In matan gari su ka shiga gaisuwa su ka ga bargon ƙyallaye a shimfiɗe a gadon uwargidan hakimi, zancen kunya ya ƙare a ranar. Mai hali kuma da ke neman inda zai yi sadaka, ga soron almajirai nan.

Malami ya ware shafi a littafinsa mai gida huɗu: unguwa, girman bargo, ranar farawa, ranar gamawa. Ba a bukatar sunan matar kowa, sunan unguwa ya isa. Abin da za a aiko da shi sama shi ne adadin waɗanda aka gama kaɗai. Ofis ya sha ganin rahoton da ke cewa an fara ɗari, a je a tarar ba ko goma da su ka kai kalmasa. Malamin da ya rubuto bakwai na gaskiya ya fi taimakon hakiminsa a kan wanda ya rubuto saba'in na baka, gama daga bakwai ɗin ne a ke gane unguwar da ta kama da wadda ke bukatar a sake aika mata mai koyarwa. In an ga gidan ranar gamawa ya daɗe ba kome a cikinsa, a tambaya a hankali ko ƙyalle ne ya yanke, ko zare, ko mai aikin ce ba lafiya.

In sanyi ya wuce, wajen ƙarshen Fabrairu, a tunatar da masu bargo su wanke shi, su shanya a rana mai ƙarfi har cikinsa ya bushe ƙayau, gama auduga mai laima ruɓewa ta ke yi daga ciki ba a sani ba. A duba layin da ya tsinke a mayar da shi tun bai ja na kusa ba, sa'an nan a naɗe a ajiye a bisa, inda gara da ɓera ba su kai.